Ra'ayinmu: Labarin da muke karantawa a waya, wa ke biyan kuɗinsa?

Duk wanda ya zaga rumfunan kasuwar Arzeke ta Paraku ko babbar kasuwar Jugu bayan azahar, lokacin da ciniki ya ɗan lafa, zai ga yaran shago da masu sayar da atamfa kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Da dama daga cikinsu labaran Hausa suke karantawa, waɗanda ake turowa ta WhatsApp daga wannan hannu zuwa wancan. Abin farin ciki ne, domin kuwa a ƙasar da makaranta ke koyar da Faransanci, kasuwa kuma ke cin Dendi da Barbanci, duk abin da zai sa yaro ya karanta Hausa da son ransa ya cancanci yabo. Sai dai akasarinmu ba mu taɓa biyan ko dala ɗaya a kan waɗannan labarai ba.

A da ba haka lamarin yake ba. Lokacin da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano ke tashe a shekarun 1990, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, 'yan kasuwa ne ke saro su tare da sauran kaya su tsallako da su iyaka. Mai so ya saya, wanda ba shi da hali ya karɓi haya. Ko yaya dai, wani abu yana komawa aljihun marubuci. Da takarda ta yi tsada, waya kuma ta shigo, sai marubuta suka koma intanet, wasu suka kafa 'yan ƙananan mujallu da zaurukan karatu, inda mutum biyu ko uku ke tace gajerun labarai suna fitarwa da kuɗin aljihunsu. Marubuciya za ta kwana tana rubutu, ta sa wa labarinta ɗan farashi, kafin gari ya waye wani ya kwafe ya watsa kyauta. Mu da muka san zafin a ɗauki kaya a rumfa ba a biya ba, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a nan ba.

Illar hakan kuwa an riga an gan ta. OkadaBooks, kamfanin Nijeriya da ke sayar da littattafai ta intanet, wanda marubutan Hausa da yawa suka zuba ayyukansu a ciki, ya rufe a watan Nuwamba na 2023 bayan shekara goma yana aiki. Idan babba ya kasa, ina ga ƙaramar mujallar da ba ta da mai ba ta talla?

Tarihi ya nuna cewa rubutun Hausa yana bunƙasa ne a duk lokacin da aka samu mai ɗaukar nauyi. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Haka nan gasar Hikayata ta gajerun labarai da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, ta fito da marubutan da a baya ba a san da su ba, har Amira Souley ta Maraɗi ta zo ta ɗaya a 2022 da labarinta Garar Biki. Ashe ke nan ba sai mutum yana Kano ko Kaduna alƙalaminsa zai yi kaifi ba.

To mu fa? Jugu tsohon zango ne a hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, kakannin da yawa daga cikinmu ta nan suka bi har suka zauna. Mun ga rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun ga yadda bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka datse gadar Malanbil da Gaya, fasinja da buhunan kaya suka koma tsallaka kogin Kwara a kwalekwale. Akwai wanda jarinsa ya karye, akwai wadda aurenta ya mutu, akwai yaron motar da ya zama mai gida a cikin wannan hali. Amma labaran da ke zuwa wayoyinmu yawancinsu na gidajen Kano da Abuja ne, na zangonmu kuwa a bakin mai shayi suke ƙarewa.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu kaɗai. Yaranmu da suka yi makarantar Faransanci sukan rubuta "sannou" a maimakon "sannu", "tchiniki" a maimakon "ciniki", saboda haka suna jin nauyin aika rubutunsu inda za a yi musu dariya. Wannan shi ne aikin edita a mujalla, ya gyara ƙa'idar rubutu ya bar wa yaro harshensa na Paraku yadda yake furta shi. Zauren da ake jefa labari a wuce ba ya yin wannan aiki.

Don haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan zango da ƙungiyoyin direbobi na Paraku da Jugu da Malanbil, da su nemi matasanmu masu sha'awar rubutu, a Banikanni ne ko a Zango, su ɗauki nauyin wata 'yar mujalla ta gajerun labarai da za a riƙa karantawa a waya. Mai shago ya ba da tallar shagonsa, gidajen rediyon al'umma su karanta labarin wata-wata saboda waɗanda ba su yi boko ba, a ƙarshen shekara kuma a buga mafi kyawu a takarda, ko da kwafi kaɗan ne, don kada su ɓace ranar da intanet ta juya baya. Kafin nan, duk wanda aka turo wa labarin da marubuciyarsa ta sa wa farashi, ya nemi lambarta ya aika mata da haƙƙinta, yadda yake aika wa dillalinsa na Kwatano kuɗin kaya ta waya.