Zaɓen Darussa ga Ɗalibin Zane: Maki ko Sana'a?

A farkon kowane zangon karatu, ɗalibin jami'a kan cike takardar rajistar darussa. Wasu darussan tilas ne, wasu kuma na zaɓi ne. Ɗalibin zane-zane da ya taso daga Gaya ko Ajingi, ya sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yakan tsaya a nan cikin ruɗani. Abokai na cewa ya ɗauki darasin da ake cin maki a sauƙaƙe, aljihunsa na tuna masa tsadar fenti da takarda, iyaye kuma a gida na tambayar aikin da zai samu bayan ya gama. A ra'ayina, darasin da ya cancanci zaɓi shi ne wanda zai bar wa ɗalibi gwaninta a hannu, ko da kuwa makinsa zai yi wuyar samu.

Dalili na farko shi ne yanayin fannin kansa. Wanda ke neman a zana masa allon shago, ko a tsara masa bangon littafi, aikin da mai zane ya taɓa yi zai ce a nuna masa, kafin ya tambayi darajar digirinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Darasin da aka ci ba tare da gumi ba, da wuya ya bar wani abu da za a nuna wa mai ba da aiki.

Dalili na biyu kuwa, ɗan wannan yanki bai shigo jami'a hannu rabbana ba. Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, ya sauka kusa da Dutsen Dala, kuma daga gare shi ne Abagayawa suke danganta asalinsu. Ga rinin Ƙofar Mata, ga dukanci da saƙa, ga zayyanar Alƙur'ani da adon bangon gidaje. Duk waɗannan suna da 'yan'uwa a manhajar jami'a, kamar darussan tsara tufafi da ginin tukwane da tsara rubutu. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun yi suna ne saboda sun haɗa dabarun Turawa da fasahar garuruwansu. Haka ma Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da ginin tukwanen gargajiya ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954.

Sai dai akwai uzurori biyu da bai kamata a raina ba. Na ɗaya, kuɗin kayan aiki. Ɗan manomi ba zai iya ɗaukar darussan aikin hannu masu yawa a zango guda ba. Mafita ita ce ya gwama: ɗaya mai cin kaya, ɗaya na tarihin fasaha wanda littafi da biro kawai yake buƙata, ɗaya kuma na zane da kwamfuta, domin shi ne ke saurin kawo ɗan abin sa wa a aljihu. Na biyu, ɗalibai da yawa ba sa sakin jiki da sassaƙa siffar mai rai saboda dalilin addini. Wannan ba ya rufe ƙofar fannin, tunda rini da tukwane da adon rubutu fage ne mai faɗi. Abin da ya dace shi ne ɗalibi ya binciki abin da kowane darasi ya ƙunsa tun kafin ya sa hannu.

Saboda haka, kafin ya miƙa takardarsa, ya kamata ɗalibi ya zauna da malamin da ke kula da ajinsu, ya leƙa ɗakin aiki ya ga abin da na gaba da shi suka yi, sannan ya tambayi kansa: idan zangon nan ya ƙare, wane abu zan iya yi da hannuna wanda ban iya ba a yau? Darasin da ya amsa wannan tambaya, shi ne na ɗauka.