Ina Gasar Masu Busarmu?

A ƙasar Holan, cikin lardin Limburg, akwai wani gari wai shi Kerkrade, wanda a da aka san shi da haƙar kwal. Mahaƙan lardin kuwa suna da ƙungiyoyinsu na busa. A 1951 mutanen garin suka kafa gasar masu busa ta duniya, wadda akan yi bayan shekara huɗu-huɗu. Zuwa ƙarshen 1974 an rufe ramukan kwal ɗin kaf, amma gasar tana nan, baƙi na tururuwa daga nahiyoyi dabam-dabam.

To, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, mu fa? Ƙasar Zazzau ba ta rasa gwanayen algaita da sarewa ba, sai dai ba mu cika tunawa da su ba in ba hawan salla ya zo ba. Ɗan mai algaita ba zai gaji ubansa ba muddin sana'ar ba ta ciyar da gida. In kuwa tsoho ya tafi da taken da ke kansa, rikoda ba za ta koya wa yaro sarrafa numfashi ba.

Shawararmu ita ce, ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan su haɗa kai su kafa gasar busa, a riƙa karɓa-karɓa lokacin da kuɗin rake ya shiga hannun manoma. Kakaki na sarauta ne, lalle sai da izinin Fadar Zazzau. A gayyato mabusan Katsina da Maraɗi, a kuma ware kyauta ta musamman domin almajiran sana'ar.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.