Ungulu: ma'aikaciyar da ba ta cikin kasafin majalisa

Bahaushe bai taɓa yi wa ungulu adalci a harshensa ba. In an cuci mutum sai a ce an yi masa ungulu da kan zabo, in an ga mai son abin duniya sai a ce ungulu ba ta jewar banza. Amma duk dattijon da ya tashi a Zangon Kumasi, ko Aboabo, ko Asawase, zai shaida cewa a da ba a raba mahauta da juji da wannan tsuntsuwa. Yau sai mutum ya daɗe yana duban sama bai ga ko ɗaya ba.

Lamarin ya wuce Kumasi. A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun gari ta Afirka cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A 2020 an tsinci gawarwakinta kusan 2,000 a Gini Bisau, an kashe su da guba, an sare kawunan da dama domin kasuwar magani da tsafi. Mu faɗi gaskiya, da hannun wasu 'yan kasuwarmu a wannan fatauci.

Me ya haɗa wannan da majalisar gari? Aikin da ungulu ke yi aikin majalisa ne. Tana kwashe mushe da tarkacen fawa kafin su ruɓe, kuma ruwan cikinta mai tsananin tsami yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Indiya ta ɗanɗana rashinta: tun daga shekarun 1990 wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kusa ƙarar da ungulayen ƙasar, mushe ya taru, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai a 2006 aka haramta ba dabbobi maganin.

A Gana matsalar ita ce ungulu ta faɗa tsakanin ofisoshi biyu. Namun daji suna hannun sashen kula da su na Hukumar Gandun Daji, wanda ke riƙe da gidan zu na Kumasi kusa da Kejetia da kuma gandun Owabi. Tsafta da kasuwanni da izinin gini kuwa suna hannun majalisu, wato Majalisar Birnin Kumasi, KMA, da ta Asokore Mampong da aka cira daga jikinta a 2012, wadda unguwannin Zango da yawa ke ƙarƙashinta. Ma'aikacin gandun daji ba ya da iko a kan juji, ma'aikacin majalisa kuma ba a ce masa tsuntsu na cikin aikinsa ba. Ungulu ko ba a daji take ba, a kan rufin mahauta take.

Ra'ayina shi ne majalisun biyu su karɓi wannan nauyi, su rubuta shi cikin tsarin raya ƙasa na shekara huɗu-huɗu da doka ta wajabta masu. Ba sabon ofis ake bukata ba. Akwai duba-gari, waɗanda a nan ake kira tankas (kalmar ta samo asali ne daga sunan majalisar gari a bakin Turawa, abin lura ga ɗaliban aron kalmomi). Su ne ke shiga kasuwa da mahauta da gidaje. A koya masu gane sassan ungulu a kan tabarmar masu magani, a ba su ikon kai rahoto, a kuma ƙara yawansu, domin jama'ar Aboabo da Sawaba ta ninka tun ba yau ba. Sai kuma itatuwa. Ungulu a kan dogayen itatuwa irin su rimi take sheƙa, kuma sashen tsara gari na majalisa ne ke sa hannu a kan ginin da ke cinye su.

Za a ce raguwar ungulu alamar ci gaba ce, tun da mahauta ta zamani irin ta Kaase ba ta barin tarkace a waje kamar da. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. To amma ranar Babbar Salla fa, da ake yanka a kusan kowane lungu na Zango? Ina tumbi da jini suke zuwa? Cikin kwata suke shiga, daga nan zuwa rafin Aboabo, wanda tuni shara ta shaƙe shi. Wurin da mota ba ta shiga, da can ungulu na sauka.

Takardar majalisa ita kaɗai ba za ta hana mai magani sayen kan ungulu ba. Wanda zai iya hana shi shi ne Sarkin Zango da Sarkin Fawa da limamin da yake bi salla. Saboda haka kafin a rubuta tsarin, a fara kiransu zaure tare da wakilan unguwanni a majalisa, a tattauna da Hausa, a kuma tambayi mahauta yaushe rabon da su ga ungulu a kan rufinsu.