HUNTURU YA SHIGO, INA DUBA-GARI?

Hunturu ya shigo. Da safe in mun buɗe aji sai mun kaɗe ƙura daga kan tebur kafin mu aje rajista. Yara kuwa waɗansu na tari, waɗansu leɓe ya tsage, ƙafa duk faso. Daga Ƙaura Namoda har Shinkafi da Zurmi hazo ya rufe sama, mutum yakan dubi rana ido da ido ba ta kashe masa ido ba. Wannan duk mun saba da shi. Amma akwai baƙon da yakan biyo bayan hazon nan, wanda bai kamata mu saba da shi ba, watau sanƙarau.

Mutane da yawa suna tsammani sanƙarau ciwon bazara ne. Gaskiya ne a watan Maris da Afrilu yake yin ƙarfi, amma a cikin sanyin nan yake soma kafa sansani. Busasshiyar iska da ƙura suna ƙeƙashe hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar ta sami ƙofar shiga jini. Ga shi kuma saboda ɗari mukan cusu a ɗaki ɗaya, mu toshe taga da tsumma, numfashin wannan ya shiga na wancan.

Mu mutanen wannan yanki ba labari aka ba mu ba. Annobar da ta girgiza Nijeriya a 2017, a ƙasar Zurmi aka fara ganinta, tun ƙarshen 2016, cikin hunturu irin wannan. Labari bai kai Abuja yadda ya kamata ba sai cikin watan Fabrairu, allurar rigakafi kuwa ba a soma ta ba sai Afrilu. Kafin a shawo kanta mutum fiye da 14,000 sun kamu a ƙasar, fiye da 1,100 sun rasu, Jihar Zamfara ce kuma ta fi shan wuya. Allurar da aka yi ta yi wa mutane tun 2011 ta irin cutar da likitoci ke kira A ce, wadda ta zo kuwa C ce, saboda haka ta tarar da mu ba garkuwa. Ku lissafa watannin da ke tsakanin Disamba da Afrilu. A cikinsu ne aka yi asarar yawancin rayukan nan.

To, ina ruwan ƙaramar hukuma da wannan? Ai ruwanta ne tsundum. Iyayenmu sukan ba mu labarin zamanin En'e, sa'ad da duba-gari kan shiga gida gida, ya leƙa randa, ya duba salga, in ya ga ƙazanta ya kai mai gida gaban alkali. Ba sonsa ake yi ba, ana jin ya doso unguwa mata sai su hau shara. Amma in ciwo ya ɓulla a wata unguwa, kafin dare hakimi ya ji. Aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, En'e ta kau, aikin bai kau ba. Tsarin mulki na 1999 ya rubuta shi filla-filla: kwashe shara, kula da kasuwa da tashar mota da mahauta da makewayin jama'a, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu cikin sha'anin makarantun firamare da na lafiya. Kowace ƙaramar hukuma kuma tana da jami'i wanda aikinsa shi ne sa ido a kan cututtuka, ya tattara rahoto daga ƙananan asibitoci ya aika Gusau. In malamin asibitin ƙauye bai faɗa masa ba, ko shi ba shi da man babur da zai je ya gani, shi ke nan, sarƙa ta tsinke tun daga zoben fari.

Shekara da shekaru in an tambayi ciyaman, amsa ɗaya ce: kuɗi suna hannun jiha. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. A watan Nuwamba na shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 14 na Zamfara. Mun sani yanke hukunci daban, cika shi daban. Duk da haka, wanda ya zo ƙofar gidanmu neman ƙuri'a, ba laifi ba ne mu ma mu je ƙofar gidansa neman amsa.

Ba za mu ɗora wa ma'aikata laifin da ba nasu ba. Akwai ƙauyukan da malamin asibiti ba ya iya kwana saboda 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar nan, aka hana cin kasuwannin mako, har da ta Shinkafi. Mutanen da aka kora daga ƙauyukansu sun cika garuruwan nan uku, iyali guda a ɗan ɗaki, waɗansu a kango, waɗansu a rumfa. Amma wannan dalili ne na ƙara sa ido, gama inda aka cunkushe nan ciwon yake fara cin kasuwa.

Kwanan baya mun je wata sakatariya neman takardar haihuwar wani almajirinmu. Ƙarfe goma ta wuce, ofis a kulle, masinja ya ce sanyi ne ya hana mutane fitowa. Muka ce a ranmu, ashe yaran da suka tako mil biyu ba takalmi tun ƙarfe bakwai ba su ji sanyin ba ke nan. A bayan ginin kuwa juji ne ke cin wuta, hayaƙin leda na bin iska zuwa cikin gidaje, rumfunan kara na gefe. A wannan lokaci tartsatsi ɗaya ya isa.

Ga abin da muke roƙon masu karatu. Ku haɗu, ko mutum biyar ne, maza da mata, ku sami kansilan mazaɓarku. Kada ku je da faɗa, kada kuma ku ce masa kawai a taimaka. Ku tambaye shi wane ne ke kai rahoton ciwo daga asibitin unguwarku, da yadda za a same shi. Ku tambaya ko an tanadi allurar maganin sanƙarau a nan kusa, ko sai an kai mara lafiya babban asibiti. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta soma amfani da sabuwar rigakafi mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar, har da C ɗin nan. Ku tambaya yaushe za ta iso mazaɓarku. Ku rubuta amsar da ranar da aka ba da ita.

A gida kuma, ko sanyi ya kai yaya, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe, a fitar da kaskon garwashi kafin a kwanta, gama hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai, da amai, wuyansa ya sanƙare ba ya iya sunkuyawa, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, kada a tsaya jiƙo ko tsaga, kada a jira gari ya waye. Ciwon yana iya kashewa cikin kwana ɗaya, wanda ya tashi a makare kuma sau da yawa yakan rasa ji. Muna da irin yaran nan a aji, a layin gaba muke zaunar da su domin su riƙa kallon bakinmu.

Mu ma nan makaranta mun rubuta tambayoyinmu, ranar Litinin za mu kai wa kansila. Abin da ya ce, in Allah ya kai mu, za ku gani a wannan shafi a wata mai zuwa.