Dogon sitiyari, gajeruwar waya

Matasan Birnin Konni, Malbaza da Illela masu sa wa baburansu dogon sitiyari na manta abu guda: wayoyin totur, kuloci da birkin gaba da tsohon sitiyari aka auna su. In waya ta gaza, ana karya kwana sai ta ja totur da kanta, kuma a kan titin RN1, tsakanin manyan motocin siminti, wannan maganar rai ce. Ɗaura guntu kan guntu ba gyara ba ne. Bakanike ya yanko sabuwar waya daidai tsawo, ya baza bakinta, ya zuba dalma. Kafin a biya shi, a tada injin, a juya sitiyari dama da hagu. In ƙugi ya ƙaru, ya sake aiki. Ya kamata ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu su wajabta wannan gwaji.