Kafin masu ɗaukar hoto su iso Yama

A birnin Tokiyo, fadar gwamnatin ƙasar Japan, akwai wata sana'a wadda mutumin Adar ko na Ƙonni zai yi mamakin jin labarinta. Waɗansu kamfanoni ne ke ba da hayar ƴan ƙananan motoci marasa rufi, masu kujera guda, waɗanda ake kira kart. Injin irin wannan mota bai fi na ƙaramar moto ba, kuma mai tuƙa ta yana zaune ne dab da kwalta, da ƙyar kansa ke kai tsawon tayar babbar kamyo. Baƙi masu yawon buɗe ido su ne ke haya. Sukan sa tufafin ban dariya, su yi shigar dabbobi ko ta ƴan wasan majigi, su jeru bayan ɗan jagora, su kutsa cikin motocin birni. Hanyarsu sananniya ce: mararrabar Shibuya, inda taron jama'a ke ƙetare titi ta kowace kusurwa a lokaci guda, hasumiyar Tokiyo mai tsawon mita 333, wadda aka gama a 1958, da gadar Rainbow da ke bakin teku. Duk inda jar wutar hanya ta tsai da su, sai ɗan jagora ya ɗauke su hoto.

Wanda ke cikin kart ba shi da damar ɗaga kai ya dubi gini, domin idonsa na kan motar da ke gabansa. Abin da ya biya kuɗi dominsa shi ne hoton kansa, birnin kuwa ya zama labulen da mai hoto ke ratayawa bayan mutum. Rabon mazauna unguwa a cikin cinikin shi ne ƙara da hayaƙi da hatsari.

Japan ƙasa ce mai tsari ƙwarai, amma duk da haka sana'ar ta riga doka isowa. Waɗannan motoci sun faɗa ne cikin wani giɓi: dokar hanya ta ɗauke su motoci, saboda haka ba a tilasta hular kwano ba, dokar ƙirar abin hawa kuwa ta lissafa su cikin dangin ƙananan moto, saboda haka ba a tilasta ɗamarar kujera ba. Sai daga 2018 hukumar sufuri ta ƙara sharuɗɗa, ciki har da ɗamara da wata alama mai tsawo domin direbobin manyan motoci su riƙa hango su. Kamfanin Nintendo, mai wasan Mario Kart, ya kai ƙarar kamfanin haya na MariCar a 2017 saboda amfani da suna da tufafin ƴan wasansa, kuma a watan Janairu na 2020 kotu ta yanke diyyar yen miliyan 50, watau fiye da sefa miliyan 250 a canjin lokacin. Abin lura a nan, mai dukiya ya sami haƙƙinsa cikin shekara 3, alhali mazauna unguwanni suna ta kai kuka shekara da shekaru.

Ba masu kart kaɗai ba ne. A 2024 baƙi fiye da miliyan 36 suka shiga Japan. A garin Fujikawaguchiko, hoton wani kanti da Dutsen Fuji ya leƙo ta bayansa ya bazu a intanet, sai mutane suka yi ta tururuwa, suna tsayawa tsakiyar titi, suna shiga farfajiyar masu gida. A watan Mayu na 2024 hukumar garin ta kafa baƙin labule mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2 da rabi domin ta rufe dutsen. Gari ya ɓoye abin alfaharinsa da hannunsa, kuma ba a daɗe ba aka fara huda labulen! A unguwar Giyon ta birnin Kiyoto, tun 2019 aka kafa allunan hana ɗaukar hoto cikin lungunan masu gida, da tarar yen 10.000, kimanin jikka 50 da ɗoriya a lokacin.

Mai karatu yana iya cewa ina Tokiyo ina Tsarnawa. To, jihar Tawa ta taɓa ɗanɗana irin wannan baƙunta, kuma dattawa ba su manta ba. Tseren motoci na Paris-Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978, ya sha ya da zango a Agadas da Tawa da Yamai. Motoci da moto sun wuce kamar guguwa, jiragen sama na biye da su ana ɗaukar hoto, duniya duka ta kalli rairayi da raƙuma da yara masu ɗaga hannu. Masu otel da masu sai da mai sun sami ciniki na kwana ɗaya ko biyu. Amma a ƙasashen da tseren ya ratsa an yi asarar rayukan waɗanda ba su san hawa ba balle sauka: yarinya ƴar shekara 10 a Kita ta ƙasar Mali a 1988, yara maza biyu a Gine da Senegal a 2006. Daga 2009 tseren ya koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya. Da wuya a nuna ƙauye guda da masu kallon talabijin na Turai suka riƙe sunansa.

Alhali kuwa gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela suna da abin da ya cancanci a tsaya a duba. Mafi girma shi ne masallacin Jumma'a na Yama, cikin ƙasar Illela (ta Nijar ake nufi, ba Illelar Najeriya da ke kan iyaka kusa da Ƙonni ba; matafiya da yawa kan rikita su). A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallaci, suka danƙa aikin ga wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu. Babu injiniya, babu kuɗin waje. Gayya aka yi: waɗansu suka buga bulon ƙasa, waɗansu suka ɗebo ruwa, waɗansu suka kawo itace, kowane gida gwargwadon ƙarfinsa. Ginin farko mai sauƙi ne, ɗaki mai ginshiƙai da rufi shimfiɗaɗɗe. A 1975 magini ya sake rufin, ya ɗora shi bisa bakan gizo, ya tsai da ƙubba a tsakiya. Daga baya aka tada hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi huɗu, aka gama a 1982, kuma babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta: kowace da tsayinta, da tagoginta, da irin adonta, kamar ƴaƴan uwa ɗaya da kowa ya ɗauko kamannin kansa.

A 1986 masallacin Yama ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Ayyuka 6 kaɗai aka zaɓa a duniya a wannan karo, cikinsu akwai gyaran masallacin Al-Aƙsa na Birnin Ƙudus da na tsohon birnin Mostar. Watau aikin manomin Adar ya zauna sahu ɗaya da waɗannan. Hotonsa na cikin littattafan da ɗaliban gini ke karantawa a ƙasashen duniya. Amma ma'aikata nawa ne, cikin masu hawa da sauka tsakanin mararrabar Tsarnawa da Tawa, suka taɓa ratsewa su gan shi? Malaman makaranta nawa ne suka taɓa kai ɗalibansu?

Ginin ƙasa kuwa rayayyen abu ne, yana bukatar hannu. Kowace damina ruwa na cin jikinsa, in ba a yi yaɓe ba sai tsaga ta shiga, daga tsaga sai rushewa. Nan ne maganar baƙi ta zama maganar kuɗi da ta ɗorewar gini. Baƙon da ya zo ya ɗauki hoto ya tafi, bai bar ko dala ba, ya ci amfanin gumin masu yaɓe.

A Dandaji, cikin ƙasar Illelar dai, an nuna wata hanya. Maimakon a rushe tsohon masallacin ƙasa, masanan gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa matsattse, aka gama a 2018. A Galmi, ta gundumar Malbaza, akwai fadamun albasar da sunanta ya kai kasuwannin bakin teku, da rudu-rudun da manoma ke adana ta. A Malbaza akwai masana'antar siminti wadda asalinta tun shekarun 1960. Kusa da Ƙonni akwai madatsun ruwa na Mozage da Zongo da gonakin rani da suke shayarwa.

Biyu daga cikin wuraren yankin suna bukatar taka-tsantsan na musamman. Ɗaya shi ne Masallata, inda dattawan Azna ke yin Arwa kowace shekara domin duba abin da shekara za ta zo da shi. Abin da za a ɗauka hoto da wanda ba za a ɗauka ba, masu al'adar ne ke da ikon faɗa. Ɗayan kuma shi ne Birnin Ƙonni kansa, wanda rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone a 1899, ta karkashe mutanensa. Wuraren da dattawan gari ke nunawa game da wannan ta'asa maƙabarta ce, kuma ba a tsayawa bisa maƙabarta ana murmushi domin hoto.

Akwai masu cewa wannan magana ta yi gaggawa, tun da matsalar tsaro ta rage Turawa masu yawon buɗe ido ƙwarai, kuma babu wanda zai kawo kart a Badagishiri. Gaskiya ne kart ba za ta zo ba. Amma abin da ke tura kart ya riga ya iso, shi ne salula mai ɗaukar hoto da sha'awar a gan ka. Duk wanda ya yi Sallah ko ya halarci ɗaukar amarya a garuruwan kan hanya ya ga samari bisa moto, uku-uku, ba hular kwano, hannu ɗaya a kan kambu ɗaya riƙe da salula, suna gudu tsakanin manyan motocin albasa da na siminti. Da ɗan Turai mai shigar zomo a Shibuya da saurayin Ƙonni mai moto, ciwonsu ɗaya: dukansu sun mai da hanyar jama'a dandalin hoto. Bambancin shi ne, a Tokiyo asibiti na kusa. Bugu da ƙari, kantin nan na Fujikawaguchiko bai yi talla ba; hoto ne ya bazu, taro ya biyo baya. Ranar da hoton hasumiyoyin Yama da hantsi ya bazu tsakanin matasan Yamai da Maraɗi da Sakkwato, ba za a yi wa mai gari sallama kafin a zo ba.

Saboda haka ya kamata shugabannin gundumomi da na ƙananan hukumomi, tare da sarakuna da limamai, su zauna tun yanzu, lokacin da shawara ba ta cin kome sai tabarma da ruwan sha. Abu na farko da ya kamata a tsai da shi ne, baƙo ba ya tuƙa kansa cikin gari. Mota da moto su tsaya a fili guda a bakin gari, sauran tafiya a yi ta da ƙafa, domin lungun ƙauye na yara ne da tsofaffi da awaki. Wanda ya sauka daga motar haya a bakin kwalta, ƴan kabu-kabu su kai shi, amma waɗanda hukuma ta san sunansu, masu takardar tuƙi da hular kwano biyu, a kan farashin da aka rubuta. Da haka matashin da ke wasa da moto a banza zai sami sana'a, in an koya masa tarihin wurin kuma ya zama ɗan jagora.

Maganar hoto kuwa mai sauƙi ce ga duk wanda ya sami tarbiyya: ba a ɗaukar mace ko yaro ko mai salla sai da izini, ba a hawa hasumiya, ba a shiga lokacin salla sai domin salla. Abin da ya rage shi ne a rubuta wannan a allo, da Hausar boko da ajami da Faransanci, a kafa a bakin gari da mararrabar hanya, tare da sunan wurin da shekarar gininsa da sunan magininsa. Allon da ya faɗi sunan Falke Barmu ya fi labulen da zai rufe aikinsa arha da daraja.

Kuɗin ziyara kada ya yi yawa, kuma ɗalibai su shiga kyauta in malaminsu na tare da su. Amma wajibi ne a san inda kuɗin ke zuwa, domin an sha ganin asusun gari ya narke a aljihun mutum biyu. A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci ke da aiki. Mutum biyu daga cikinsu, namiji da mace, su riƙe littafi: ranar zuwan baƙo, garin da ya fito, abin da ya bayar, da rasit mai lamba. Bayan girbi, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma hannu ya sami sarari, a karanta lissafin a bainar jama'a a ƙofar masallaci bayan sallar Jumma'a, a ware ladan magina da kuɗin ɗebo ƙasa da ruwa, sannan a sa ranar yaɓe.