Guntun Gatarinki Ya Fi Sari Ki Ba Ni

A wannan mako zan ba ku labarin abin da ya same mu nan Birnin Gwari, don wadda ta ji ta kiyaye.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta mata masu sayar da zuma da daddawa da man kaɗe. Kun dai san yadda hanyar Kaduna, ta Buruku da Udawa, ta zama abin tsoro a shekarun baya saboda ɓarayin da suka fake a dajin Kamuku. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Sai muka yi shawara a buɗe mana shafi a intanet, don na nesa su ga kayanmu. Muka yi karo-karo, muka ba wani saurayi aikin. Ya kuwa yi shi tsaf, har da hotuna.

Shekara na zagayowa, ran nan da safe muka duba, shafi ya ce ɗauke ni inda kika ajiye. Muka nemi saurayi, aka ce ya koma wani gari, lambarsa kuwa ba ta shiga. Da yake ni ce magatakarda, aka ce in buga wa kamfanin da ke riƙe da shafin waya.

To, jama'a, nan na ga aiki! Wata murya ta ce in danna ɗaya, na danna. Ta ce in danna uku, na danna. Sai aka sakar mini kiɗa. Kuɗin waya na tafiya, miyata na kan wuta, kiɗa bai fasa ba. Ana cikin haka layi ya katse. Sai a bugu na huɗu na sami ɗan Adam. Ya ce, "Malama, da wane adireshin imel aka yi rajista?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Lambar asusunku fa?" Na ce tana wurin yaron. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama, ba ni da ikon buɗe miki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da na huce na ga mutumin nan yana da gaskiya. In wata baƙuwa ta zo ta ce ɗakinki nata ne, za ki so a miƙa mata makulli? Sakaci namu ne, mun biya kuɗi ba mu san abin da muka saya ba.

Bari in bayyana muku abin da na koya daga baya. Shafin intanet kamar shago yake a kasuwa, abu uku ke tsai da shi. Na fari suna, wato adireshin da mutane za su rubuta su same ki. Na ƙasarmu yakan ƙare da .ng. Ba a sayensa dungum, haya ake biya, galibi shekara shekara, in kuwa aka daɗe ba a biya ba wani na iya ɗauka. Na biyu ɗaki, wato wuri a cikin wata babbar kwamfuta ta kamfani wadda ba a kashe ta dare da rana. Shi ma haya ne. Namu shafin ba wani abu ya kashe shi ba sai rashin biyan hayar nan.

Na uku kayan gini. Akwai HTML, shi ne kamar tubali da azara, da shi ake cewa ga kan magana, ga hoto. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago shi, bayan ya kawo dabarar shafukan nan a 1989 yana aiki a ƙasar Suwizalan. Akwai CSS, shi ne shafe da ado, launi da girman baƙaƙe. Akwai kuma WordPress, wanda ya fito a 2003, kyauta ne. Shi kamar ɗaki ne ginanne, naki kawai jere. Wadda ta iya rubuta wasiƙa a waya za ta iya koyonsa.

Ga shawarata gare ku. In za a yi miki shafi, a yi rajista da sunanki da imel ɗinki, kina zaune a wurin. Ki sami ɗan littafi ki rubuta sunan kamfani, da lambar asusu, da kalmar sirri, da ranar da haya za ta ƙare, ki adana shi inda kike adana 'yan kunnenki na zinariya. Ki riƙa biya tun da sauran lokaci. Ba mu manta ba, a ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa an rufe layukan waya a yankinmu saboda tsaro, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Wadda hayarta ta ƙare a tsakanin nan, wa za ta kira?

In kuma bugun waya ya zama dole, sauke tukunya tukuna. Ki ajiye littafinki da alƙalami kusa. Ki rubuta abin da allo ya nuna daidai yadda yake, kada ki ce "ya ƙi yi" kurum, don likita ba ya ba da magani sai an gaya masa inda ke ciwo. Ki yi magana da ladabi, wanda ya ɗauka ma'aikaci ne, ba shi ya ɓata ba. Kafin ki ajiye, ki tambayi sunansa da lambar ƙararki. In matsalar ta layin waya ce, tun 2023 lambar neman taimako ɗaya ce a dukan layuka, wato 300. In ba su share miki hawaye ba, ki kai kuka ga hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a 622, kyauta ne, amma ki riƙe lambar ƙarar nan a hannu.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce wannan aikin maza ne. Sabon shafinmu wata yarinya 'yar sakandare ce ta zauna da ni muka haɗa shi, muna yi muna kuskure muna gyarawa. Bai kai na farko kyau ba, amma makullinsa na hannunmu.

Wadda ke da tambaya ta rubuto, matambayi ba ya ɓata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Malama